Abin da Kwamfuta Ba Ta Gani a Babban Giji

Kowace shekara, tun ana tsakiyar rani, hukumar NiMet takan fitar da hasashenta na damina: lokacin da ake sa ran saukar ruwa a kowace ƙaramar hukuma, lokacin ɗaukewarsa, yawansa, da wuraren da ake fargabar zai yi tsaiko bayan an yi shuka. Bayan 'yan makonni sai NIHSA, mai lura da koguna da madatsun ruwa, ta biyo da nata, ta jero jihohi da ƙananan hukumomin da ambaliya ka iya shafa. Gidajen rediyon Kano su karanta, hukumar agajin gaggawa ta jiha ta roƙi jama'a a yashe kwatoci, waɗanda ke zaune a kan hanyar ruwa su tashi. Daga nan sai a yi tsit. Agusta na kamawa a wayi gari ruwa ya kwana a ɗakunan mutane a wannan layi, katanga ta danne yara a wancan, sai kuma a shiga tambayar juna: ba an ce an yi hasashe ba?

An yi, kuma sau da yawa bai yi ƙarya ba. Sai dai tambayar da ya amsa daban take da wadda magidanci a Babban Giji ko Gyadi-Gyadi yake yi. Hasashe ya ce bana ruwa zai yi yawa a Kano. Shi kuwa magidanci so yake ya ji ko ruwan zai shigo masa tsakar gida, ko bangon ɗakin tsohuwarsa zai kai kaka a tsaye. Aikin da ke tsakanin tambayoyin nan biyu shi ne lissafin hatsari, wato a haɗa abin da sama za ta sauko da shi da abin da zai tarar a ƙasa: su wa ke zaune a wurin, a wane irin gini, da me suke ci, wa zai tallafe su in abin ya auku. A ganina ɓangaren sama na wannan lissafi ya yi nisa, duk da rauninsa. Ɓangaren ƙasa kuwa, a Kano, ko harsashinsa ba mu haƙa da gaske ba, alhali shi ne mai araha, kuma shi ne wanda babu mai zuwa daga waje ya yi mana.

Manhajar hasashen yanayi lissafi ce tsagwaronta. Ana yanka sararin duniya gida-gida kamar gurbin dara, a kowane gida a rubuta zafin iska, nauyinta, laimar da ke cikinta da inda ta dosa. Sai a bar kwamfuta ta lissafa abin da kowane gida zai tura wa maƙwabcinsa nan da 'yan mintuna, ta sake, ta kuma sakewa, har ta kai gobe ko jibi ko makon gaba. Wani ɗan Ingila, Lewis Fry Richardson, ya gwada yin haka da fensir da takarda, ya buga littafinsa a 1922. Makonni ya kwashe yana lissafin sa'o'i shida kacal, amsar kuma ta fito a karkace. Sai a 1950 aka yi na farko da kwamfuta a Amurka. A yau cibiyar hasashe ta ƙasashen Turai, ECMWF, wadda da yawa ke ganin babu kamarta, tana aiki da gidajen da faɗin kowanne ya kai kimanin kilomita 9, wato murabba'in kilomita 81. Ƙaramar hukumar Tarauni kacokan, daga Gyadi-Gyadi har Unguwa Uku da Darmanawa da Daurawa, murabba'in kilomita 28 ce. Za a zuba ta kusan sau uku a gida guda. A wurin wannan kwamfuta, Babban Giji da Asibitin Malam da titin Zariya da titin Maiduguri duk lamba ɗaya ce.

Ga shi kuma ruwanmu ba mai sauƙin kamu ba ne. Na Turai yakan zo ne a shimfiɗe, ya rufe ɗaruruwan kilomita, ana hango shi tun kwanaki kafin ya iso. Namu hadari ne ya haɗo daga gabas da la'asar ko cikin dare, iska da ƙura su rigaye shi, ya juye abin da ya ɗauko cikin sa'a ɗaya ko biyu ya yi yamma. Kowane ɗan Kano ya san a baro Sabon Gari ana sheƙa ruwa, a iso Na'ibawa a tarar ƙura na tashi. A 2018 wasu masu bincike a Karlsruhe ta Jamus suka gwada hasashen ruwan gobe da manyan manhajojin duniya ke bayarwa a wannan shiyya tamu da abin da aka auna a ƙasa. Abin da suka gano mai kashe jiki ne: in ba a yi masa gyara ba, hasashen bai ko kai na wanda ya buɗe tsohon rajista ya duba sau nawa aka taɓa yin ruwa a irin wannan rana a shekarun baya ba. Bayan gyara ma yawanci bai fi shi ba.

Akwai kuma iyakar da ƙarfin kwamfuta ba zai kawar ba. Tun 1963 Edward Lorenz ya nuna cewa ɗan kuskuren da ba a ko lura da shi a awon farko yakan yi ta girma har ya birkita amsar baki ɗaya. Shi ya sa manyan cibiyoyi ba sa gudanar da lissafin sau ɗaya. Sukan maimaita shi kamar sau 50, kowane karo a ɗan sauya lambobin farko. In 35 daga ciki suka nuna ruwa, sai a ce akwai yiwuwar kashi 70 cikin 100. Ma'anar haka ita ce, a duk irin waɗannan ranaku goma, uku za su wuce ko ɗigo ba a yi ba, kuma ba a yi ƙarya ba. Amma kafin maganar ta taso daga Abuja ta iso kunnen mai sauraro a Kano, kason nan ya zube a hanya, saura "NiMet ta ce za a yi ruwa gobe". Gobe ta yi, rana ta ƙwalle, a yi dariya a majalisa, wani ya ce dama sanin gaibu sai Allah.

Gaskiya ne, kuma babu masanin yanayi mai hankali da ya yi iƙirarin saninsa. Manomin da ya ga shamuwa ta iso ya fara gyaran gona, ko malamin ƙauye da ke ƙidayar taurarin damina kwana goma sha uku-uku yana gaya wa mutane wanda ake shuka a cikinsa da wanda ake tsoron fari, ba wanda ya ce sun shiga hurumin Ubangiji. Alama suka gani, suka gwada ta da abin da aka saba gani. Aikin kwamfutar ke nan, sai dai alamominta sun fi yawa.

Hasashen damina sukutum kuwa wata hanya yake bi. Ba wanda zai iya faɗin ranar da za a yi ruwa wata huɗu kafin lokacin. Abin da ake dubawa shi ne zafin ruwan teku, na Atilantika da na Indiya da na Fasifik, domin teku ba ta saurin sauyawa, kuma ita ke juya akalar iskar da ke kawo mana laima daga kudu. Kafin a gane haka an sha ɗora wa talaka laifin da ba nasa ba. Bayan farin 1972 zuwa 1974, Jule Charney, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi wancan hasashen kwamfuta na 1950, ya kawo ra'ayi a 1975 cewa yawan kiwo da ya tsiraita ƙasa na iya korar ruwan sama a Sahel. Lissafinsa mai kyau ne a takarda, kuma shekaru aka yi ana kafa hujja da shi ana zargin makiyayi da mai saran itace. Sai a 1986 Chris Folland da abokan aikinsa a Ingila suka danganta farin da sauyin zafin tekuna, a 2003 kuma Alessandra Giannini da nata abokan suka nuna cewa in ka ba manhaja tarihin zafin teku kaɗai, za ta fito maka da yawancin hawa da saukar ruwan Sahel na ƙarnin da ya wuce. Wannan shi ne ginshiƙin taron da masana yanayi na Afirka ta Yamma ke yi kowace shekara tun 1998, ƙarƙashin cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai, inda suke raba damina mai zuwa gida uku: yiwuwar ta fi yadda aka saba, ta yi daidai, ko ta gaza. Yana da amfani ga mai sayen iri da mai kula da ƙofofin madatsun Tiga da Challawa. Ga mai kwana kusa da kwalbati amfaninsa kaɗan ne, domin damina na iya gazawa a jimla amma dare ɗaya a cikinta ya tashi unguwa.

Duk wannan kuma a kan awon ƙasa yake tsaye, awon kuwa ya yi mana ƙaranci. Kano na da sa'a, ana rubuta ruwanta tun wajen 1905, kuma 'yan garuruwa ne a Sahel ke da tarihi mai tsawon haka. Amma hukumar yanayi ta duniya ta daɗe tana cewa tashoshin awo a Afirka ba su wuce kashi ɗaya cikin takwas na mafi ƙarancin abin da ake buƙata ba. Babbar tashar Kano tana filin jirgin Malam Aminu Kano, a arewacin gari. Ruwan da ya cika lungunan Tarauni a kudu yana iya wucewa ma'aunin can bai ga rabinsa ba. Tauraron ɗan'adam na taimakawa, amma shi sanyin saman gajimare yake aunawa ya kintaci ruwan da ke ƙarƙashi, kuma sai da ma'auni a ƙasa ake sanin ko kintacen ya faɗa daidai.

To, mu sauko ƙasa, inda lissafin ya fi sauƙi kuma aka fi sakaci da shi. Milimita ɗaya ta ruwan sama lita ɗaya ce a kan kowane murabba'in mita. Ɗauki fuloti mai ƙafa 50 sau 50, wato murabba'in mita 232 ko kusa da haka. In aka yi ruwan milimita 50, wanda ba baƙo ba ne a Agusta, lita 11,600 ce ta sauka a wannan fuloti kaɗai. Jarka mai lita 25 fiye da 460 ke nan, abin da ɗan garuwa mai kurar jarka 12 sai ya yi sawu kusan 40 kafin ya kawo. Lokacin da wurin yake gona ko fili, ƙasa ce ke shanye yawancinsa. Yau an rufe shi da kwano, an daɓe tsakar gida da siminti ko tayil, an juya indararo waje, don haka kashi takwas ko tara cikin goma titi yake nufa, kuma cikin 'yan mintuna. A faɗin Tarauni gaba ɗaya, wannan ruwa na dare ɗaya lita biliyan 1.4 ne. Ruwan tsohon birni Jakara yake gangarawa. Namu na kudu sai ya nemi hanya ta rafin Tatsawarki zuwa Challawa, ta cikin kwatocin da aka gina lokacin da rabin waɗannan gidaje gonakin dawa ne.

Dā akwai inda yake yada zango kafin ya wuce. Kududdufan Kano ramukan da aka haƙi ƙasar gina gidaje da ganuwa ne, kuma ba tare da wani injiniya ya tsara ba suka zama matattarar ruwan damina, suna riƙe shi su sake shi a hankali. Sun tara sauro, sun ci yara, ba na musun wannan. Amma da aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana cikewa da shara ana yankawa fuloti, ba a tanadi wani wurin da ruwan zai tsaya a madadinsu ba. Tsarin raya birni na shekara ashirin da B. A. W. Trevallion ya zana wa Kano, na 1963 zuwa 1983, an yi shi ne lokacin da mutanen birni da kewaye ba su kai rabin miliyan ba. Yau ana maganar miliyan huɗu ko fiye. Dattawa kan ce ruwa ba ya barin hanyarsa, kuma 'yan Kantin Kwari sun ga haka a Agustan 2022, ranar da ya shiga shaguna ya jiƙa dilolin atamfa da shadda na miliyoyin naira, 'yan kasuwa suka yi ta nuna gine-ginen da aka ɗora a kan magudanai.

A daidai lokacin da muke toshe ƙasa, sama ma ta sauya hali. A 2017 Christopher Taylor da wasu masana suka bi hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, suka tarar manyan hadura mafiya ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982, suka kuma danganta haka da ƙaruwar zafin Sahara. Wannan ya taɓa aikin kowane injiniya, domin faɗin kwalbati ana yanke shi ne bisa tarihin ruwan baya, a ce wannan zai ɗauki ruwan da ake samu sau ɗaya a shekara 10 ko 25. In tarihin ya daina wakiltar yau, kwalbatin ya zama ƙarami tun ranar da aka buɗe shi. Ita kanta maganar "ambaliyar da ake yi sau ɗaya a shekara ɗari" tana ruɗin mutane. Ba ta nufin in an yi bana an huta sai jikoki. Tana nufin kowace shekara akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin 100, kuma wanda ya zauna a gida ɗaya shekara 30 yana da yiwuwar kusan kashi 26 ya gan ta da idonsa. Shekara 30 ɗin ce cif tsakanin ambaliyar dam ɗin Alau ta 1994 da fashewarsa ta ranar 10 ga Satumba, 2024, da ta nutsar da Maiduguri. Mu ma nan muna da fashewar dam ɗin Bagauda ta Agustan 1988.

Ko an san inda ruwa zai kwanta, da sauran aiki, domin ruwa ɗaya ba ya yi wa kowa ɓarna ɗaya. Gida biyu ne jere a layi guda. Na farko bulo ne, an ɗaga dandamalinsa taku uku, mai shi ma'aikaci ne, albashi na shigowa ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Na biyu ginin ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti, titi ya fi tsakar gidansa tudu tun da aka yi cikon kwalta, shaddarsa na dab da rijiya, 'yan haya shida ne a ciki, uwar gida a ɗaki na ƙarshe tana sana'ar ƙuli-ƙuli da jarin da bai wuce buhun gyaɗa ɗaya ba. Ruwa ya kai gwiwa a layin. Na farko ya yi asarar kafet. Na biyu, gindin bango ya sha ruwa, marka ta biyo baya kwana uku ba rana, bangon ya zauna, rijiya ta gauraya da shadda, buhun gyaɗa ya tsiro. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Babu tauraron ɗan'adam da ke ganin abin da ke ƙarƙashin shafen simintin nan, kuma ƙidayar jama'a ta ƙarshe da za a jingina da ita ta 2006 ce, wadda ta ba Tarauni mutum dubu 221 da 'yan kai. Yaron da aka haifa a shekarar yanzu ya isa aure.

Kuskure a wannan ɓangare yana rusa lissafi komai kyawun na sama. Tarayyar Afirka ta kafa wani asusun inshorar fari mai suna ARC a 2012, wanda manhajarsa ke auna ruwan sama ta lissafa mutum nawa fari ya shafa, in adadin ya kai wani mizani a biya ƙasa kuɗi nan take. A farkon 2015 ya biya Nijar da Senegal da Muritaniya kimanin dala miliyan 26, aka yaba. A 2016 fari ya afka wa Malawi, mutum fiye da miliyan shida suka buƙaci agaji, manhajar ta ce abin bai kai a biya ba. Da aka bincika sai aka tarar an gaya mata manoma na shuka masara mai daɗewa, alhali sun koma iri mai nuna a kwana 90, wanda tsaikon ruwan ya same shi a mafi munin lokaci. Awon ruwan daidai yake. Wanda ya cike takardar ne bai san gonar ba. Sai a Janairun 2017 aka biya dala miliyan 8.1, bayan yunwa ta gama cin wanda za ta ci. Mutanen Nijar sun riga masana fahimtar wannan tun 1984, da suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan Buhari, saboda rufe iyakar Nijeriya ya tare musu hatsi da ci-rani a lokacin da fari ya kama su.

Inda lissafin yanayi ya fi yi mana rana, a nawa ganin, fannin lafiya ne, kuma dalilin a fili yake: a can an san matakin da za a ɗauka in alama ta bayyana. Tun 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya zana zirin ƙasashen da sanƙarau ke addaba, ya ga iyakarsa na bin iyakar ruwan sama. Cutar na tashi ne in iska ta bushe ƙura ta yi yawa, ta lafa da zarar laimar bazara ta shigo. A annobar 1996, wadda Kano ba za ta manta ba, mutum fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, sama da 11,000 suka rasu. Yau NiMet da ACMAD na fitar da taswirar wuraren da yanayi ya dace da ɓarkewarta, don a kai allura da magani kusa. Amma yanayi lokaci kawai yake nunawa, ba ya nuna wace ƙwaya ce za ta zo. Rigakafin da aka fara a Nijeriya a 2011 ya karya lagon nau'in A, sai ga nau'in C ya ɓarke a Zamfara da Sakkwato a 2017 ya kashe fiye da mutum dubu. Shi ya sa allurar da ke maganin nau'i biyar, wadda Nijeriya ta riga kowace ƙasa fara amfani da ita a 2024, take da muhimmanci. Haka maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar wata-wata a tsakiyar damina: dukan shirin a kan sanin watannin da ruwa ke taruwa aka gina shi.

Zafi kuwa shi ne makashin da ba ya barin shaida. A ƙarshen Maris da farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, garin Kayes na Mali ya kai maki 48.5 a ma'aunin salshiyos. Asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙirga gawa 102 a kwana huɗun farko na Afrilu, alhali a dukan Afrilun shekarar da ta gabata 130 ya gani. Masana da suka bi diddigi sun ce da ba don ɗumamar duniya ba da zafin bai kai haka ba. An san wannan ne don wani asibiti ya ƙirga. A Kano, inda Afrilu kan haura maki 40, ɗakin kwano ba silin ba wuta ya zama tanda, dattijo mai hawan jini ya cika da azahar a binne shi kafin magariba, a ce ajali, kuma ajalin ne, amma babu inda aka rubuta cewa ranar ta fi kowace zafi a watan. Zafi ya fi ruwa sauƙin hasashe nesa ba kusa ba, ana iya ganinsa kwana biyar kafin ya iso. Abin da ba mu sani ba shi ne daga maki nawa mutanenmu ke fara mutuwa, kuma ba za a sani ba sai an ajiye adadin mamata na kowace rana kusa da zafin ranar. A Afrilun 2020 masu haƙa kabari ne suka fara ankarar da duniya cewa mace-mace sun yi yawa a Kano, kafin ministan lafiya ya zo daga baya ya ce an ƙirga 979, rabi ko fiye na da nasaba da korona. Littafi guda a ƙofar maƙabartar Tarauni da ta Gyadi-Gyadi, ana rubuta rana da shekarun mamaci, zai ba masana abin da babu kwamfutar da za ta ba su.

Sai babbar tambaya: in an yi hasashen, wa zai yi me, da kuɗin wa? A 2008 ƙungiyar Red Cross ta duniya ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta nemi kuɗin agajin ambaliya a Afirka ta Yamma tun ruwan bai zo ba, bisa hasashen damina kawai, ta jibge barguna da gidajen sauro a Dakar da Accra da Yawunde. Da ambaliyar ta zo, kaya sun isa cikin kwanaki kaɗan maimakon makonni. A Adamawa a 2022 ƙungiyar agaji ta IRC ta raba wa wasu gidaje kuɗi da zarar awon kogi ya nuna ruwa na tafe, wasu kuma sai bayan ya wuce, kuma masu bincike sun tarar na farkon sun fi yin girbi da wuri da tanadin abinci. A na Adamawa an amince tun farko cewa in lamba ta kai kaza, kuɗi zai fita, ba sai an jira taro ba, an kuma yarda cewa wani lokaci za a kashe kuɗin ruwan bai zo ba. Mu kuwa abin da ke biyo bayan hasashenmu sanarwa ce: masu zaune a hanyar ruwa su tashi. Su tashi zuwa ina? Mutumin da ya biya hayar shekara a watan Janairu ba zai bar ɗakinsa saboda kashi 60 cikin 100 ba, kuma in ka auna abin da ke aljihunsa, lissafinsa ya fi na mai sanarwar daidai.

Abin da ya rage bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ɗaya ba. Ma'aunin ruwan sama na roba a makarantun sakandare goma na Tarauni, ɗalibai na karantawa kowace safiya. Alamar fenti a jikin turakun wuta da ke nuna inda ruwa ya kai a kowane babban ruwa, da kwanan wata. Masu unguwanni, waɗanda suka san gidan da ya taɓa rushewa da inda tsohon kududdufi yake, a zauna da su da taswira. A Darussalam ta Tanzaniya, daga 2015, ɗaliban jami'a da mutanen unguwa sun bi lungu-lungu da waya suna auna kowace kwata, faɗinta da zurfinta da inda ta toshe, a shirin da suka kira Ramani Huria, kuma da wannan aka gina lissafin ambaliyar unguwanninsu. Jami'ar Bayero na yaye ɗaliban labarin ƙasa da injiniyoyin ruwa kowace shekara, da yawansu na neman abin da za su rubuta kundin kammalawa a kai.

Na san abin da zai tare hanya, kuma ba kuɗi ba ne. Taswirar da ta nuna hatsari layi-layi tana da masu asara. In aka ɗora tsofaffin hotunan sama na Kano a kan na yau, za a ga kowane kududdufi da aka cike da kowace hanyar ruwa da aka yanka, daga nan kuma tambayar wa ya sa hannu ba ta da nisa. Farashin wasu fulotai zai faɗi, dillalai ba za su so ba, masu gidajen haya ma haka. Wanda zai ci moriyarta shi ne mai neman ɗaki, domin a Kano da rani ake neman haya, lokacin da kowane layi a bushe yake, mai gida kuma ya riga ya shafe zanen da ruwan bara ya bari a bango da sabon fenti.